Abin da Akuya Ta Ɓoye

Ni mahauci ne, a kwatar Tawa,
tun asuba wuƙa a hannu.
Abin da akuya ta ɓoye wa mai ita
ni take faɗa wa, bayan yanka:
baƙar leda a tumbi, a naɗe kamar gammo.
Na taɓa ɗora kilo uku a sikeli.

Habsu na da shekara tara
ran da ta kawo mini fura, ta iske ina janta
kamar mai zaro tsumma daga rijiya.
Ta ce, "Yaya, ba ta narkewa?"
Na ce, "Ko ƙasa ta ƙi ta."
Ba ta toshe hanci ba. Ta tsuguna, ta taɓa.

Daga nan lakkwal, daga nan lise,
sai motar Yamai, da akwatin kwano
da na saya mata da kuɗin fatu goma sha biyu.
Ta ce shimi take karantawa.
Inna ta ce, "Shimi? Wadda ake sawa cikin riga?"
Muka yi dariya har ta ƙi cin tuwo.

Shekara goma sha ɗaya tana dafa abin da ba a ci.
Ɓawon albasar Galmi da ake sharewa a tasha,
ƙaro, kullun rogo, karan gero dakakke,
kainuwar da ta tsamo da hannunta a bakin kogi.
Sau ɗaya na shiga labonta.
Kwalabe, ma'aunin da ke jin nauyin numfashi,
fanka a tsaye don an ɗauke wuta,
da littafi, kowane shafi da lambarsa.
Ta ɗari biyu da shida ta karye kamar ƙwalan.
Ta ɗari uku da arba'in ta yi hunhuna da damina.
Wata ta fito sumul, har an yi guɗa,
aka zuba mata kunu mai zafi
ta zama kunun.

Wani dare ta kira ni.
An ba ta aiki a kamfanin mai, albashi ninki huɗu,
ga haya, ga yara biyu, ga maganin Inna.
"Me ka gani?"
Ni ban san shawara ba, nama na sani.
Na ce, "Yau na fasa tunkiyar Ilka, mai ciki,
leda ta hana ɗan wurin kwana."
Shiru. Kuɗin wayar ya ƙare.
Har gobe ina tambayar kaina
ko na kyauta mata.

Bara ta sauko da kwali a ka,
furfura ta fara mata a goshi.
Jaka ce, ruwan shayi, da ɗan ƙanshin albasa.
Na ƙunsa tsoka, ba ta yoyo.
Na ƙunsa hanta, ta jure har Sabon Gari.
Ta binne guda a gindin dogonyaro,
bayan kwana arba'in muka tona:
gara ta riga mu, ko hannun ba ta bari ba.

Kar in yi ƙarya, tana da tsada.
Tata dala biyar, baƙar kyauta ake ba ka,
kuma mai sayen naman dala ɗari ba ya jin wa'azi.
Baƙar tana nan, tana lilo a ƙayar bagaruwa.

Amma akwai wani bunsuru na Ma'u mai waina,
ɓarawo, ya cinye mini jaka bakwai a wata guda.
Ran Lahadi ya zo hannuna.
Na tsaga tumbin a hankali, yara sun kewaye ni.
Dusa. Harawa. Ruwa.

Na goge hannu a riga, na lalubo waya.
Tana aji, ba ta ɗauka ba.
Na bar tumbin a faranti, na rufe da kwano,
na ce kowa ya bar shi har ta kira.